Tambaya da Amsa: Babur Mai Bugu Biyu, a Filin Tsere da Cikin Kwamfuta

Saƙonnin wannan wata sun karkata ne kan baburan tsere masu injin bugu biyu, waɗanda kanikawa ke kira tu-sitirok, da yadda wasannin tsere na kwamfuta ke kwaikwayon halinsu. Tambayoyin da suka yi kama da juna mun haɗe su wuri guda.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina buga wasan MotoGP a PlayStation. In na ɗauki babur na zamani ina gama tsere lafiya lau, amma da na hau tsofaffin nan na 500cc ba na shan kwana uku sai na sha ƙasa. Laifin wasan ne ko nawa? (Mai karatu daga Kano)

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. In dai 500 tana kayar da kai, wasan ya kama hanyar gaskiya, don baburan nan sun kayar da gwanayen duniya. Sai dai faɗuwar tana da dalili, kuma dalilin a cikin inji yake.

Injin bugu huɗu, irin na Bajaj Boxer da ya cika titunanmu, sai fistan ya hau ya sauka sau biyu kafin wuta ta tashi sau ɗaya. Na bugu biyu kuwa kowane juyin karanshaf da tashin wutarsa. Ba shi da bawul a ka. Tagogi aka fafe a jikin silinda, fistan da kansa ke buɗe su yana rufewa. Akwai ɗan lokacin da tagar shigar mai da ta fitar hayaƙi suke buɗe tare, sai wani kaso na sabon man ya bi hayaƙi ya fice. Maganin da aka samo shi ne salansar nan mai tumbi. Da tagar hayaƙi ta buɗe, ƙarfin fashewar yakan shiga bututun kamar igiyar ruwa. Wurin da bututun ya yi faɗi yana haifar da zuƙa mai jawo sabon mai cikin silinda. Wurin da ya sake tsukewa kuma yana maido da igiyar baya, ta tura man da ya tsere ya koma ciki dab da fistan zai rufe taga. Walter Kaaden, injiniyan kamfanin MZ na Jamus ta Gabas, shi ya ƙware a wannan dabara a shekarun 1950, ta kuma isa Japan bayan mahayinsa Ernst Degner ya gudu a 1961 ya koma Suzuki.

To, a nan gizo ke saƙa. Tsawon bututu ba ya canzawa, don haka dawowar igiyar ba ta dacewa da rufewar taga sai a wani ɗan tsakani na juyin inji. Ƙasa da wannan tsakanin babur kamar mai gyangyaɗi yake. Da allurar agogon juyin inji ta shiga ciki sai ƙarfi ya zo a dunƙule. Yamaha ta rage kaifin abin da bawul ɗinta na YPVS mai ɗaga bakin tagar hayaƙi da sauke shi, sauran kamfanoni ma suka yi nasu, amma halin bai gushe ba. Honda NSR500 ta ƙarshen zamanin tana da ƙarfin doki kusan 200 a kan nauyin kilo 130 da 'yan kai, kuma ba ta da na'urar hana taya zamewa irin ta baburan yau. Wuyan hannun mahayi shi ne na'urar.

Abin da ke faruwa da kai shi ne wannan: kana shiga kwana da giya mai tsayi, juyin inji ya faɗi, ka murɗa totur ka ji shiru, ka ƙara murɗawa, sai injin ya farka alhali babur yana kwance. Tayar baya ta zame gefe, ka tsorata ka saki totur, tayar ta kama ƙasa farat ɗaya, babur ya miƙe da ƙarfi ya cilla ka sama kamar dokin da ya yi tutsu. Ita ce faɗuwar da masu tsere ke kira haisaid, kuma ita ta fi raunata mahayan 500.

Gyaran yana farawa tun kafin kwana. Ka sauke giya yadda a tsakiyar kwanar allura za ta tsaya a bakin inda ƙarfi ke farawa. Ka riƙe totur kaɗan, abin da zai ɗaure sarƙa kawai. Sannan ka fara miƙar da babur kafin ka ƙara wuta, ƙarin wutar yana bin miƙewar. Da 500 ba a zana kwana zagaye kamar da ƙananan baburan 125cc: a taka birki sosai, a juya a taƙaice, a miƙe da wuri, a harba. In baya ta fara zamewa, ka tsayar da hannunka inda yake ko ka rage ɗan ƙanƙani, kada ka saki duka. Shawararmu ka koma 125 tukuna har ka iya zagaye goma a jere ba faɗuwa, sannan 250, sannan 500. Matakalar da mahaya da yawa, har da Valentino Rossi, suka bi ke nan.

Tambaya: Na lura in na saki totur a kan 250 babur ba ya rage gudu, sai ya yi ta sulalawa har na wuce kwana. Kuskure ne a wasan? (Ɗalibi daga Zariya)

Amsa: Ba kuskure ba ne, haka yake a zahiri. Injin bugu huɗu in aka rufe masa totur yana ja da baya, har ma a baburan tsere sai an sa kuloci na musamman don kada tayar baya ta riƙa tsalle wajen sauke giya. Injin bugu biyu jan bayansa kaɗan ne ƙwarai. Kusan duk aikin rage gudu yana kan birkin gaba, na baya kuma don daidaita zaman babur da tsuke layi a tsakiyar kwana. Ka matso da wurin fara birkinka baya da kamar mita 20 zuwa 30 daga inda ka saba da babur mai bugu huɗu, sannan ka riƙa ragewa zagaye bayan zagaye. Ribar da ke ciki ita ce za ka iya sauke giya uku a jere da sauri baya ba ta rikice ba. Don ka ga muhimmancin birkin baya a wajensu: bayan Mick Doohan ya karya ƙafar dama a filin tseren Assen na Holan a 1992 ya kasa taka shi, sai aka mayar masa da birkin hannun hagu yana dannawa da babban yatsa, kuma da shi ya fara jerin kambunan duniya biyar da ya ci daga 1994 zuwa 1998.

Tambaya: Ni ɗan acaɓa ne, shekara tara ina kan babur. Amma a gem sai in tura sandar hannu, babur ya yi jinkiri kafin ya kwanta. A wasan mota ba na jin haka. Me ya sa? (Mai karatu daga Katsina)

Amsa: Malam, ka taɓo tushen matsalar duk wani wasan babur. Mota in ka juya sitiyari dama sai ta yi dama. Babur mai gudu ba ya bin wannan ƙa'ida. In za ka sha kwanar dama, hannunka na dama yana ɗan tura kan babur gaba, wato tayar gaba tana fara leƙawa hagu. Wannan leƙen ne ke janye tayoyi daga ƙarƙashinka, babur ya faɗa dama, sannan kwanar ta fara. Shekara tara kana yin haka ba tare da ka lura ba. Ka gwada a fili marar mutane, da hular kwano a kanka, kana tafiyar kilomita 30 a awa: ɗan tura hannun dama kaɗan, za ka ji babur ya karkata dama.

Wani abin kuma, a kan gudu kan babur ba ya juyawa fiye da 'yan digiri. Mahayi da ƙarfin turi yake tuƙi, yana jin amsar taya a tafin hannunsa, a gwiwa, a mazaunai. Sandar hannun gem ba ta iya ɗaukar wannan. Saboda haka masu haɗa wasa suka sa wani mahayi na lissafi tsakaninka da babur. Kai kana faɗa masa iya kwanciyar da kake so, shi kuma yana lissafa turin da zai yi wa kan babur don a kai can ba a faɗi ba. Jinkirin da kake ji kashi biyu ne. Akwai na gaskiya, domin babur mai gudun kilomita 200 yana da nauyin juyawa, tayoyinsa masu wulwulawa suna ƙin a karkatar da su. Akwai kuma na tacewa, wanda aka ƙara don kada ɗan rawar yatsa ya kayar da kai. Na biyun ne za ka iya ragewa.

Ka shiga saitin hannu. Wurin da sanda ke motsi ba a ji, ka rage shi zuwa kashi 2 zuwa 5 cikin 100. In hannun ya tsufa yana ja gefe da kansa, sai ka ƙara kaɗan. Ka sassauta tacewar kwanciya mataki-mataki, kana gwadawa a kwana guda ɗaya. Totur da birkin gaba su kasance a maɓallan baya masu zurfin dannawa, don maɓallin kunna-kashe ba ya tuƙa babur mai bugu biyu. Ka raba birkin gaba da na baya, kowanne da wurinsa. Giya ta zama ta hannu, wannan dole ne, saboda giyar atomatik ba ta san inda ƙarfin injin yake ba. In talabijin kake amfani da ita ka kunna yanayin gem ɗinta, wanda ke rage jinkirin hoto. Gara hoto mai sauƙi da ke tafiya 60 a daƙiƙa ba yankewa da hoto mai kyau mai sarƙewa. Wasan GP Bikes yana da saitin da zai ba ka damar tura kan babur kai tsaye ba tare da mahayin lissafin nan ba, amma da hannun gem na yau da kullum wahalarsa ta fi amfaninsa.

Kuma ka fara tura sanda tun kafin inda idonka ke cewa ka juya. Mahayan gaske ma haka suke yi.

Tambaya: Kowane kamfani yana cewa wasansa ne ya fi kama da gaske. Ta yaya mutum zai gane da kansa? (Mai karatu daga Damagaram)

Amsa: Ka kashe duk wani taimako, ka ɗauki fili ɗaya, ka yi waɗannan gwaje-gwaje. A tsakiyar kwana ka ɗan taɓa birkin gaba: babur na gaske yakan so miƙewa ya buɗe layi, in ka matsa da yawa gaba ta sulɓe ka faɗi ta cikin kwana. Wasan da babur ke rage gudu kawai yana nan kwance yadda yake, mota ce aka sa wa taya biyu. A miƙaƙƙiyar hanya ka danne birkin gaba da ƙarfi: ya kamata gaba ta nutse, baya ta yi sauƙi har ta ɗaga. Ka sa baya ta zame da gangan sannan ka saki totur, ka ga ko zai yi tutsu. Ka kwatanta sauya gefe daga hagu zuwa dama a kilomita 60 da kuma a 200. Na biyun dole ya fi nauyi. Ka fita da taya mai sanyi ka ga ko zagayen farko ya fi santsi. Sannan ka saki totur a kan mai bugu biyu da mai bugu huɗu a wuri ɗaya ka ga bambanci.

Akwai kuma gwajin lissafi, wanda ba a iya yi masa kwaskwarima. Kwanciyar babur, gudunsa da faɗin kwana a ɗaure suke da juna. Babur da ke kwance digiri 45 yana gudun kilomita 100 a awa, da'irar da yake zanawa tana da kusan mita 79 daga tsakiya zuwa baki. In gudun ya ninka, a wannan kwanciyar dai, da'irar sai ta ninka sau huɗu. Wasan da ke barinka ka ƙara gudu a cikin kwana, kwanciya ba ta ƙaru ba, layi kuma bai buɗe ba, ya saki gaskiya. A ganinmu mai bugu biyu ne ma'aunin da ya fi tona asirin wasa, don ba shi da na'urorin da za a ɓoye rauni a bayansu.

Tambaya: Wane wasa za ku ba ni shawara? (Mai karatu daga Kumasi)

Amsa: In burinka sanin halin babur ne, GP Bikes na PiBoSo a kwamfuta, da ɗan'uwansa MX Bikes na tseren turɓaya, suna da wahala kuma ba su da ado. In kana son gasa da sauƙin shiga, jerin MotoGP da RIDE na kamfanin Milestone na Italiya, waɗanda ke da tsofaffin babura masu bugu biyu a wasu fitowarsu. Tsohon GP500 na 1999 har yau masu son zamanin 500 suna girmama shi.

Tambaya: A saitin gareji na ga wurin canza jet da haƙoran sarƙa. Na taɓa su injin ya mutu a tsakiyar tsere. Ku yi mana bayani. (Mai karatu daga Kaduna)

Amsa: Jet ɗan ƙaramin rami ne a kafireta da ke auna fetur ɗin da zai gauraya da iska. Babban lamba, mai da yawa. A injin bugu biyu fetur ɗin yana aiki uku: yana ƙonewa, yana sanyaya kan fistan, kuma a baburan tsere shi ke ɗauke da man shafawa, tunda a tanki ake gauraya su. In ka rage jet babur zai yi kaifi har zuwa wani wuri, bayan nan zafi ya hau, wuta ta fara tashi ba bisa ƙa'ida ba tana dukan kan fistan, daga ƙarshe ko ya huje ko ya kumbura ya cije a silinda. In jet ya yi yawa kuma injin yana shaƙewa, yana hayaƙi, ba ya kai ƙarshen juyinsa.

Yanayi ke faɗa maka inda za ka nufa. Iska mai sanyi ta fi kauri, tana son ƙarin mai, sai a ƙara jet. Rana mai zafi, ko fili a kan tudu, ko iska mai laima, sai a rage. Mataki ɗaya ake motsawa a lokaci guda, kuma daga ɓangaren mai yawa ake farawa, don kuskuren yawan mai fulogi kawai yake ci, na ƙarancin mai kuwa inji yake ci. Fili mai doguwar miƙaƙƙiyar hanya kamar Mugello yana son a bar masa ɗan rara.

Wurin da inji ya fi cijewa shi ne ƙarshen irin wannan hanyar. Fistan yana tsananin zafi, injin yana juyi sama da 12,000 a minti, sai mahayi ya rufe totur, fetur ya yanke, man shafawa ma ya yanke tare da shi. Shi ya sa mahayan da suke ɗora yatsa a kan kuloci koyaushe: da sun ji injin ya canza murya sai su matse, kafin tayar baya ta kulle. Akwai kuma cijewar sanyi, in aka ba inji wuta tun bai ɗumama ba, fistan ya riga silinda buɗewa. A bar ruwan lagireto ya kai wajen digiri 50 tukuna. Ranar sanyi kanikawan tsere har salatef suke manna wa lagireto don zafin ya tsaya inda ake so.

Haƙora kuwa lissafi ne mai sauƙi. Gaba 15, baya 36, rabonsu 2.40 ne. Ƙara haƙori ɗaya a baya ya zama 2.47, kusan kashi 3 cikin 100. Rage ɗaya a gaba, 14 da 36, ya zama 2.57, kusan kashi 7. Saboda haka babban gyara a gaba ake yinsa, ƙarami a baya. Abin nema shi ne giya ta shida ta kai ƙarshen juyinta dab da wurin birki na ƙarshen hanya mafi tsawo, sannan a duba kwanar da ta fi muhimmanci, wato wadda ke fitar da kai zuwa doguwar hanya, a tabbata allura ba ta faɗi ƙasa da inda ƙarfi yake ba.

Tambaya: Mene ne big ban da ake faɗa game da Honda? (Mai karatu daga Jos)

Amsa: Tsarin tashin wuta ne. A shekarun dab da 1992 silinda huɗu na NSR500 suna tashi bibbiyu da tazara daidai, ƙarar tana fita siririya kamar ihu. A 1992 Honda ta matso da su duka suna tashi cikin kusan digiri 70 na juyin karanshaf, sauran juyin kuma shiru. Bayanin da aka fi yi shi ne shirun yana ba tayar baya damar sake kama ƙasa, mahayi kuma ya fi jin lokacin da za ta zame. Sauran kamfanoni suka bi sahu. A 1997 Doohan ya koma tsohon tsarin mai wuyar sarrafawa, ya ci kambu da shi. A wasan da ya bambanta su, za ka ji mai ihu ya fi saurin kwashe baya.

Tambaya: Ni bakanike ne. Ina da tsohuwar AX100, ina so in ƙera mata salansa mai tumbi irin ta tsere. Zai yi? Kuma wane gaurayen mai zan yi? (Mai karatu daga Maraɗi)

Amsa: Maigida, zai yi tasiri, amma ka san abin da za ka saya da abin da za ka sayar. AX100 injin bugu biyu ne mai sanyaya da iska, giya huɗu, birkin ganga. Bututun tsere zai kai ƙarfinta sama ya kwashe na ƙasa, kuma da giya huɗu masu tazara, duk canjin giya allura za ta faɗo daga inda ƙarfin yake. Ga mai ɗaukar kaya ko fasinja wannan asara ce. Tumbin ma ba da ido ake yinsa ba. Tsawonsa da kusurwoyinsa daga lokacin buɗewar tagar hayaƙi da juyin da ake nema ake lissafa su.

In ka yi, dole ka ƙara jet kafin gwajin farko. Ka sa sabon fulogi, ka ja ta da cikakken totur a wuri marar jama'a, ka matse kuloci ka kashe inji a lokaci guda, ka kwance fulogin ka duba. Kalar shayi da madara, daidai. Fari ƙal, mai ya yi kaɗan, kada ka sake ja sai ka ƙara jet. Baƙi mai danshi, ya yi yawa. Ka duba robar da ke tsakanin kafireta da inji da kuma sil ɗin karanshaf, don iskar sata tana huda fistan ko da jet ɗin daidai yake.

Babur ɗin yana da famfon man shafawa nasa. In yana aiki ka bar shi, ka daidaita wayarsa da alamar da ke jikinsa, ka fitar da iska daga tiyo. In an cire shi, sai gauraye a tanki: 32 da 1 shi ne kusan mililita 156 a lita 5 ta fetur, 40 da 1 mililita 125, 50 da 1 mililita 100. Man 2T za ka sa, kada ka zuba baƙin man injin bugu huɗu, don yana barin toka a kan fistan da ringi yana toshe salansa. Ƙa'idar ɗaya ce da ta ƙaramin janaretan gida. Ka lura kuma, ƙara mai a gauraye yana rage yawan fetur da ke wucewa ta jet, saboda haka in ka canza gauraye ka sake duba fulogi. Birkin ganga kuwa ba a yi shi don ƙarin gudun ba, titin gari ma ba shi da filin tsakuwar da ke tare mai faɗuwa a wurin tsere.

Tambaya: Har yanzu ana tseren duniya da su? (Mai karatu daga Garwa)

Amsa: A gasar kwalta ta duniya an daina. Giacomo Agostini ne ya fara cin kambun 500 da mai bugu biyu, a kan Yamaha a 1975, Rossi kuma ya ci na ƙarshe a 2001 a kan NSR500. A 2002 aka buɗe ƙofa ga masu bugu huɗu na 990cc, suka cinye duk tseren shekarar. Ajin 250 ya koma Moto2 a 2010, na 125 ya koma Moto3 a 2012. Babban dalili shi ne man da ke ficewa ta salansa bai ƙone ba: dokokin hayaƙi sun kore su daga kasuwa, kamfanoni kuma suna son yin tsere da irin injin da suke sayarwa. A tseren turɓaya da na daji suna nan da ransu, inda KTM ta fara fitar da masu fesa mai ba kafireta tun samfurin 2018, haka ma a ƙananan motocin tsere na kat.